Me ya sa adinosin ke buɗe jijiya a zuciya amma ya matse ta a ƙoda?

Ummi_Aji2
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Don Allah a warware min wani ƙulli kafin jarrabawarmu ta fisiyoloji. An koya mana cewa adinosin, wani sinadari da jiki ke samarwa, buɗe jijiyoyin jini yake yi. In zuciya ta yi aiki da yawa ta ƙona ATP, wato makamashin ƙwayoyin halitta, sai adinosin ya taru, jijiyoyin da ke ciyar da ita su saki, jini ya ƙaru. Wannan na gane. Da muka zo kan ƙoda sai aka ce shi wannan adinosin ɗin ne ke matse jijiya ya rage tace jini. Sannan aka kawo wani sinadarin, anjiyotensin na biyu, shi ma matse jijiya yake, amma wai shi riƙe tacewar yake don kada ta faɗi. To yaya ke nan? Duk su biyun matsewa suke yi, ɗaya ya rage, ɗaya ya riƙe. Zan iya haddacewa, amma so nake in gane.

Sadiq_Lab
Wa alaikumus salam. Wannan wurin yana ba ɗalibai da yawa wahala. Ina biye.

Malam_Fisiyo
Wa alaikumus salam Ummi. Tambaya biyu kika haɗa, bari in ɗauki ta biyun.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai da ake kira nefron kusan miliyan ɗaya, kowane nefron kuma yana farawa ne da wani ɗan ƙullin jijiyoyi inda ake tace jini, gulomerulas. Ƙullin nan ƙofa biyu gare shi, jijiyar shiga da jijiyar fita. Ki kawo tiyon ban ruwa na lambu a ranki, wanda ya huje a tsakiya yana tsartuwa. In kika rage famfo, tsartuwar hujin za ta ragu. In kuwa famfon kika bari kika sa babban yatsa a bakin tiyon, ruwan da ke wucewa zai ragu, amma hujin sai ya ƙara tsartuwa. Duk biyun matsewa kika yi, wurin matsewar ne ya bambanta. Tsartuwar nan ita ce tacewa. Adinosin a wajen famfo yake aiki, wato jijiyar shiga. Anjiyotensin na biyu yana taɓa duka biyun, amma hannunsa ya fi nauyi a jijiyar fita. Shi ya sa idan jinin da ke zuwa ƙoda ya ragu, yake iya riƙe matsin da ke cikin ƙullin, tacewa ta ci gaba.

Ki kuma riƙe girman aikin. Ƙodojin nan biyu ba su kai kashi 1 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma kashi 20 zuwa 25 na jinin da zuciya ke turowa wajensu yake zuwa. A rana suna tace ruwa kusan lita 180, jarka tara ke nan masu cin lita 20. Abin da ke fita a fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Sauran duk mayar da shi ake yi cikin jini.

Ummi_Aji2
Allah Ya saka da alheri Malam, tiyon nan ya zauna min. Saura ta farkon. Me ya sa ƙoda ta saɓa wa zuciya?

Likitar_Koda
Ƙanwata, ni a ganina ba ta saɓa ba. Saƙon adinosin ɗaya ne a ko'ina: na gaji, iskar oksijin na neman yi min kaɗan. Hanyar hutar da gaɓar ce ta bambanta.

Zuciya in ta gaji kika ƙara mata jini, kin kawo mata oksijin ba ki ƙara mata aiki ba. Ƙoda kuwa jinin shi ne aikinta. Duba lissafin da Malam ya kawo. Fiye da kashi 99 cikin 100 na gishirin da aka tace sai bututun nefron, wanda ruwan da aka tace ke bi ta cikinsa, ya janyo shi ya mayar cikin jini, kuma wannan janyowar ce ke cinye mafi yawan oksijin ɗin da ƙoda ke amfani da shi. Ƙarin jini yana nufin ƙarin tacewa, ƙarin tacewa yana nufin ƙarin gishirin da za a ɗauka. Mai dakon da ya jigata ba kaya ake ƙara masa ba, sauke masa ake yi. To adinosin sauke wa nefron kaya yake ta hanyar rage abin da ke shigowa.

Ga yadda abin ke tafiya. Bututun nefron bayan ya gangara ya hauro, sai ya dawo ya gifta daidai tsakanin jijiyar shiga da ta fita na ƙullin da ya fito daga cikinsa. A wannan mahaɗar akwai wasu ƙwayoyin halitta a cunkushe, makula densa. Aikinsu ɗanɗana gishirin da ke wucewa. In suka ji ya yi yawa, alama ce tacewa ta fi ƙarfin bututun, sai su saki ATP. Ana farfasa ATP ɗin a wajen ƙwayar, wani sinadari mai suna CD73 ya ƙarasa shi ya zama adinosin, shi kuma ya kama risefta A1, wato mazaunin da ke karɓar saƙonsa a jikin jijiyar shiga, sai jijiyar ta tsuke. Cikin daƙiƙu kaɗan tacewar wannan nefron ɗin ta sauka. Kowane nefron da nasa mai gadin.

Sadiq_Lab
Ashe ke nan adinosin ɗin ne kuma ke sa a saki renin, sinadarin ƙoda da ke haifar da anjiyotensin, tunda duk a wuri ɗaya abin ke faruwa?

Likitar_Koda
A'a Sadiq, akasin haka ne. Wurin ɗaya ne, amma adinosin hana fitar renin yake yi, ta wannan A1 ɗin dai. Gishiri ya yi yawa a makula densa: adinosin ya hau, jijiyar shiga ta tsuke, renin ya sauka. Gishiri ya yi kaɗan: adinosin ya sauka, jijiyar ta saki, makula densa ta saki wani sinadarin, furostagilandin, renin ya fito. Akwai wasu abu biyu kuma da ke fito da renin, faɗuwar matsin jini a jijiyar shiga, da saƙon jijiyoyin laka irin na lokacin firgita ko zubar jini.

Kabiru_Aji4
Anti Likita a gafarce ni, ina so in ƙara wani abu don kada Ummi ta je ta rubuta cewa adinosin matsewa kawai yake a ƙoda. Riseftocinsa huɗu ne, A1, A2A, A2B da A3. Na A2 buɗe jijiya suke yi, kuma suna nan a ƙoda. Can cikin tsakiyar ƙoda, medula, inda dama oksijin ke ƙaranci ko a mai lafiya, adinosin buɗe jijiyoyin yake. Wato a waje ya rage aikin da ke shigowa, a ciki ya ƙara wa masu aikin iska.

Likitar_Koda
Ba laifi a ciki Kabiru, gyara ne mai kyau, kuma ya ƙarfafa maganar da nake yi.

Baba_Mai_Goro
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, ɗana ne ya sa ni a zauren nan. Amma na ji ana cewa goro yana da alaƙa da wannan abin. Baƙon da bai saba ci ba in ya zauna a rumfata ya ci ɗan daushe biyu, ba a jimawa zai tambayi makewayi. Mu kuwa da muke ci tun safe ba ma jin komai. Mene ne gaskiyar lamarin?

Hajiya_Famasi
Baba barka da kasuwa. Abin da ka lura da shi gaskiya ne. Goro yana ɗauke da kafeyin, kamar gahawa da shayi. Kafeyin yana kama da adinosin a siffa, sai ya je ya zauna a mazauninsa ya tare, ba ya kuma isar da saƙon. A ƙwaƙwalwa shi ya sa barci ke gudu. A ƙoda kuma adinosin yana taimaka wa farkon bututun nefron wajen janye gishiri, to in aka tare shi sai gishiri ya wuce, ruwa ya bi shi, fitsari ya ƙaru. Wanda ya saba ci kullum jikinsa yana sabawa, tasirin ya yi rauni. Shi ya sa baƙon yake tashi kai kana zaune.

Baba_Mai_Goro
Madalla 'yata, Allah Ya yi albarka.

Nas_Jarirai
Tunda an taɓo wannan, akwai ɗan'uwan kafeyin, tiyofilin, shi ma mazaunin adinosin yake tarewa. Jaririn da ya sha wahalar haihuwa bai yi numfashi da wuri ba, adinosin yana taruwa sosai a ƙodarsa, jijiyar shiga ta ƙulle. Za ka buɗe kunzugu awa bayan awa ka tarar a bushe, uwar kuma tana kallon fuskarka tana neman labari. Jagorar da KDIGO, ƙungiyar ƙwararru kan ciwon ƙoda ta duniya, ta fitar a 2012 ta kawo cewa ana iya ba irin wannan jaririn tiyofilin sau ɗaya don kare ƙodar. Likita ne ke yanke wannan, a asibiti, ba abin gwadawa ba ne a gida.

Kabiru_Aji4
Amma a manya abin bai yi nasara ba. An ƙera wani magani, rolofilin, mai tare A1 kaɗai, da fatan zai sa masu ciwon gazawar zuciya su yi fitsari ba tare da ƙoda ta taɓu ba. Gwajin PROTECT da aka wallafa a 2010, a kan mutum sama da 2,000, bai nuna amfani ba, wasu ma sun samu jijjiga irin ta farfaɗiya. Adinosin ɗin da aka tare a ƙoda shi ne ke kwantar da ƙwaƙwalwa.

Abba_Kantin_Kwari
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata, don karatun nan ya tayar min da abin da ya same mu. Mahaifinmu yana da hawan jini, yana shan lisinofiril da wani maganin sa fitsari. Gwiwa kuma tana damunsa, sai ya riƙa aika yaro wani kemis a sayo masa diklofenak, ba wanda ya sani. A tsakiyar zafin Afrilu gudawa ta kama shi kwana uku. Mu kuma saboda an ja mana kunne kada ya tsallake maganin hawan jini, kullum da safe ni da kaina nake ɓare ƙwayoyin in zuba masa a tafin hannu in tsaya sai ya haɗiye. Rana ta huɗu ya ce min tun jiya bai yi fitsari ba sai ɗan kaɗan, launinsa kamar shayi. Da ya miƙe jiri ya kwashe shi, na tare shi a bakin ƙofa. A asibiti aka ce kiriyatinin ɗinsa, dattin jini da ake auna aikin ƙoda da shi, ya ninka uku. Aka tsayar da magungunan duka, aka yi ta ƙarin ruwa. Allah Ya taimaka ba a kai ga wankin ƙoda ba, kwana goma aka sallame mu. An yi min bayani a lokacin amma hankalina ba ya jikina. Yau da na karanta maganar tiyo na fara hango abin.

Hajiya_Famasi
Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Ka hango daidai. Gudawa da maganin fitsari sun rage ruwan jiki, wato famfo ya yi rauni tun daga tushe. A irin wannan halin ƙoda dabara biyu gare ta: furostagilandin ya buɗe jijiyar shiga, anjiyotensin ya matse ta fita. Diklofenak ya hana na farko, lisinofiril ya ɗauke yatsan daga bakin tiyo. Babu abin da ya rage da zai riƙe tacewa. Haka ibufurofen, haka firoksikam, haka haɗe-haɗen ciwon jiki da ake ƙulla wa manoma da leburori a leda ba suna ba takarda. Wannan ƙullin ledar shi ya fi tayar min da hankali, don mutum ya yini a rana yana zufa, da yamma ya kora shi da ruwa kofi ɗaya.

Maman_Khalifa
Innalillahi. Ni ma lisinofiril nake sha. In daina ke nan?

Likitar_Koda
A'a Maman Khalifa, don Allah kada ki daina. Wannan ɗauke yatsan da ya cutar da Baba a ranar da ruwan jikinsa ya ƙare, shi ne ke kare ƙoda a sauran ranaku. Mai ciwon suga ko mai zubar da furotin a fitsari, matsin da ke cikin ƙullin nan ya yi yawa, shekara da shekaru yana cin matatar. Lisinofiril da losatan suna sassauta jijiyar fita matsin ya sauka. Shi ya sa in aka fara su muke sa a auna kiriyatinin da fotasiyam bayan mako ɗaya ko biyu. In kiriyatinin ya ɗan hau bai wuce kashi 30 cikin 100 ba ya tsaya, ba ma tsayar da maganin. Abin da za ki riƙe: ranar amai ko gudawa mai tsanani ki tuntuɓi likitanki kafin ki sha, ki guji su diklofenak, kuma in kin samu juna biyu ko kina nema ki faɗa da wuri, don waɗannan magungunan suna cutar da ƙodar ɗan tayi.

Sadiq_Lab
Abba kada ka ɗora wa kanka laifi, abin da aka ce ka yi shi ka yi.

Mai_Son_Tarihi
Ni abin da ke burge ni tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a haɗa wannan zaren. A 1898 Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman a Stockholm ta ƙasar Suwidin suka yi wa zomaye allurar ruwan ƙodar zomo, jininsu ya hau, suka sa wa abin suna renin. Aka kusa mantawa da shi sai 1934, da Harry Goldblatt a Amurka ya matse jijiyar ƙodar karnuka suka kamu da hawan jini. Wajen 1939 zuwa 1940 ƙungiya biyu, ta Eduardo Braun-Menéndez a Ajantina da ta Irvine Page a Amurka, kowacce ta gano cewa renin ba shi ke matse jijiya da kansa ba, wani abu yake haifarwa. Waɗancan suka kira shi haifatensin, waɗannan anjiyotonin, daga baya suka raba sunan biyu suka haɗa ya zama anjiyotensin. Maganin kuma daga dafin maciji ya faro. Sérgio Ferreira ɗan Burazil ya yi aiki a kan dafin jararaka, dangin su kububuwa, a shekarun 1960, daga nan aka bi har aka ƙera kaftofiril, ɗan'uwan lisinofiril, wanda Amurka ta amince da shi a 1981.

Malam_Fisiyo
Ummi, ga silsilar tunda an ambato ta. Hanta ke yin anjiyotensinojin. Renin daga ƙoda ya yanko anjiyotensin na ɗaya daga jikinsa, mai amino asid 10. Wani sinadari mai suna ACE, wanda ya fi yawa a jijiyoyin huhu, ya datse biyu ya zama na biyu mai 8. Shi ne ke matse jijiya ta risefta AT1, ya sa a saki aldosteron a riƙe gishiri, ya kuma jawo ƙishirwa. ACE ɗin nan shi ke rusa wani sinadari, biradikinin, lisinofiril kuma ACE yake tarewa sai biradikinin ya taru, shi ya sa wasu masu shan sa ke fama da busasshen tari.

Dan_Maradi
Sannunku. Yayana an ba shi irin wannan maganin shi kaɗai wata uku jinin bai sauka ba, sai da aka haɗa masa da amlodifin. Wani ya ce wai ba ya yi wa baƙar fata aiki. Haka ne?

Likitar_Koda
An faɗi rabi an bar rabi. Da yawa daga cikinmu masu hawan jini renin ɗinmu ƙasa yake, jikin riƙe gishiri yake yi, don haka maganin da ke tare anjiyotensin in shi kaɗai ne ba ya sauke jini sosai. Gwajin CREOLE da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya da Kamaru, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodifin ya fi haɗin ferindofiril, ɗan'uwan lisinofiril, da maganin fitsari sauke jini. Amma sauke jini daban, kare ƙoda daban. Mai furotin a fitsari ko wace fata gare shi yana bukatar a sassauta masa jijiyar fita.

Nas_Gaggawa
Tambaya a kan asalin maganar. Mu muna ba da adinosin a jijiya in bugun zuciya ya ɓalle da gudu, miligiram 6 a tura da sauri a bi shi da ruwa. Layin na'ura yakan miƙe na ɗan lokaci, ɗakin ya yi tsit, sai bugun ya dawo daidai. Wannan ba ya ƙulle ƙodar?

Kabiru_Aji4
Bai kai ya yi ba Sista. Cikin ƙasa da daƙiƙa goma rabinsa ya ɓace daga jini, jajayen ƙwayoyin jini da bangon jijiya sun zuƙe shi. Wanda ke aiki a ƙoda a nan wurin ake yinsa, a nan yake ƙarewa.

Ummi_Aji2
Na zana komai a takarda, kibiya ja ga adinosin, shuɗiya ga anjiyotensin. Da na kalla sai na ga kamar kishiyoyi ne, tunda adinosin yana hana renin. Amma a littafinmu an ce anjiyotensin yana ƙara wa adinosin ƙarfi. Kishiyoyi ne ko abokai?

Likitar_Koda
Duka biyun. A wajen renin kishiyoyi ne. A jikin jijiyar shiga kuwa hannu ɗaya suke: A1 da AT1 duk kalsiyam suke ɗagawa a cikin tsokar jijiyar, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa kaifi. Dabbar da aka hana gishiri, anjiyotensin ɗinta ya hau, adinosin ya fi matse mata jijiya. In aka tare anjiyotensin sai matsewar ta yi sanyi. Ki duba hikimar: mutumin da ruwan jikinsa ya yi ƙasa shi ya fi bukatar mai gadin nan ya zama a farke, kada gishiri ko kaɗan ya zube. Sai dai in abin ya yi tsanani, zubar jini bayan haihuwa ko kwalara, su biyun sukan haɗu su ƙulle jijiyar shigar har bututun ya rasa iska ya lalace.

Malam_Fisiyo
Likita, a nan zan ɗan ja. Kin ba adinosin fili da yawa. Kafin makula densa ta ce uffan, jijiyar shiga da kanta tana tsukewa in matsi ya miƙe ta, abin da William Bayliss ya bayyana a jijiyoyi tun 1902, kuma ta fi sauri. Su biyun ne ke sa jinin ƙoda ya tsaya kusan wuri ɗaya tsakanin matsin jini 80 zuwa 180. Sannan akwai masu binciken da ke ganin ATP da kansa yana matse jijiyar ta risefta P2X1 ba sai ya zama adinosin ba.

Likitar_Koda
Maganar tsokar jijiya na karɓa Malam. Ta ATP kuwa ina nan a kan bakana. A 2001 ɗakunan bincike biyu, na Jürgen Schnermann a Amurka da na su Erik Persson a Suwidin, suka gwada ɓerayen da aka cire musu A1, saƙon makula densa ya daina tsuke jijiyar. A asibiti ma muna ganin inuwar abin. Mai ciwon suga, farkon bututunsa yana zuƙe suga da gishiri fiye da kima, makula densa ta ji gishiri kaɗan, jijiyar shiga ta wangale, tacewa ta yi yawa. In aka ba shi emfagiliflozin ko dafagiliflozin, masu rage wannan zuƙar, gishirin ya iso makula densa, tacewa ta ɗan sauka a makonnin farko, ƙodar kuma ta fi daɗewa.

Malam_Fisiyo
Ɓerayen sun nuna ana bukatar A1, ba su nuna shi kaɗai ne a fagen ba. Saukar tacewa da waɗannan magungunan ma, a masu ciwon suga irin na manya, akwai binciken da ya danganta ta da sakin jijiyar fita fiye da tsukewar ta shiga.

Abba_Kantin_Kwari
Hajiya, na kwashe sauran diklofenak ɗin daga ƙarƙashin matashinsa. Gwiwar fa, me zai sha?

Hajiya_Famasi
Farasitamol bisa ƙa'ida, sannan ku kai shi a duba gwiwar, ku tafi da duk magungunansa a leda likita ya gani da idonsa.

Ummi_Aji2
Malam, Anti Likita, to in tambayar ta fito a jarrabawa, A1 zan rubuta ko in kawo P2X1 ɗin ma?

Malam_Fisiyo
Ki fara da A1, ki ba shi sakin layi guda. P2X1 ki ba shi layi biyu a ƙasa. Likita za ta ce layi ɗaya ya isa.

Likitar_Koda
Ɗaya da rabi. Kabiru, in kana da hoton makula densa na ƙarƙashin madubi ka ɗora mata a nan ta ga yadda bututun ke manne da jijiyar.